Borin Jini Ko Kyasbi? A Gane Ciwon Kafin A Aika Gida Neman Magani

Da yawa daga cikin 'yan uwanmu mazauna Agege, Idi-Araba ko Sabon Ibadan, da zarar yaro ya fara susa fatarsa ta yi ja, sai a buga waya gida. Ɗan Kumbiya-Kumbiya ya kira Gombe, a ƙulla garin magani da man shafawa a ba direba. Wani a dace, wani kuma ciwon ya ƙara ta'azzara. Dalili kuwa, ba duk ƙaiƙayi ne iri ɗaya ba.

Abin da mutanen kudu ke kira "eczema" a kasuwa yawanci kyasbi ne, wato fararen tabo a wuya da ƙirji da ƙwayar cuta ke kawowa, musamman inda ake gumi kamar Legas. Ƙazuwa kuma wani ɗan ƙwaro ne ke shiga fata, tana yaɗuwa, dole a yi wa duk gida magani lokaci guda. Borin jini daban yake: jiki ne ke tawaye ga wani abu, kamar sabulu, turare, ƙura, omo ko wani abinci. Ba a ɗaukarsa daga wani.

A nan ne maganin gida yake da rana. Man kaɗanya, wanda Yarabawa ke kira ori, Ibo kuma okwuma, yana riƙe danshin fata, ya rage bushewa da tsagewa. A shafa shi nan take bayan wanka, sau 2 ko 3 a rana. Sai dai a lura: a Gombe sanyin hunturu ke busar da fata, a kudu kuwa zafi da gumi ne suka fi tayar da ciwon, don haka kada a lafta shi da yawa.

Ganyen darbejiya da ake tafasawa a yi wanka yana sanyaya wa wasu, amma wasu yakan ƙara musu ƙaiƙayi. Man darbejiya kuwa kada a kuskura a ba jariri ya sha, guba ne gare shi. Tafarnuwa ɗanya tana ƙona fata. Sabulun salo, in an yawaita, busarwa yake. Mata kuma ku yi hattara da baƙin lalle na dayis: sinadarin PPD da ke cikinsa na sa fata ta kumbura ta yi ƙuraje masu ruwa.

Duk sabon magani, a fara shafa ɗan kaɗan a cikin hannu, a jira awa 48. In na kwalba ne, a duba lambar NAFDAC. Ta maganin gargajiya takan ƙare da harafin L, kuma ma'anarta an duba lafiyar amfani da shi ne, ba shaidar yana warkarwa ba. Man nan na kemis mai haɗin uku shi ma ba na kullum ba ne, yana sirantar da fata.

Idan wurin ya fara fitar da mugunya, ko zazzaɓi ya biyo baya, ko an yi mako 2 babu sauƙi, a ga likita; na gida suna da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. In kuwa leɓe ko fuska suka kumbura, numfashi ya fara sarƙewa, ba a jiran saƙo daga gida. A garzaya asibiti mafi kusa nan take.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.