DAGA HOTON JIRGI ZUWA BENCIN ƘOFAR GIDA: YADDA AKE RAYA KATAKO

Gabatarwa

A unguwarmu ta Herwagana cikin garin Gombe akwai wani dattijon kafinta da nakan zauna a shagonsa lokacin hutu. Ni Batere ne, Hausa a waje na koye ta, don haka wurin masu sana'a nake zuwa farautar kalmomin da ba a cika ji a aji ba. A bangon shagon akwai wata tsohuwar kalanda mai hoton jirgin ruwa irin wanda iska ke turawa, ga farin ƙyalle a ɗaure jikin doguwar sanda, ga katakon gefensa yana ƙyalli kamar zuma. Kullum sai na tsaya kallonsa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, yaya katako zai kwana a ruwa, ya wuni a rana, amma bai ruɓe ba? Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin amsa tambayar.

Icen da Ake Kira Tik

Katakon da akan yi wa irin waɗannan jirage ado da shi na icen tik ne. Asalinsa daga ƙasashen Indiya da Bama da Tailan da Lawos yake. A zamanin mulkin Turawan Ingila aka kawo shi Nijeriya, kuma akwai gandunsa a dajin Nimbiya da ke kudancin Jihar Kaduna. Abubuwa biyu suka sa maƙeran jirage ke son sa. Na farko, yana da mai a jikinsa wanda ke hana ruwa shiga, yana kuma korar gara. Na biyu, yana ɗauke da wani sinadari mai kama da lallausan rairayi, wanda ke sa zarto ya dakushe da wuri. A nan Afirka ta Yamma icen loko ne ya fi kusa da shi, har akan kira shi tik na Afirka, ko da yake ba danginsu ɗaya ba.

Duk da wannan ƙarfi, rana ba ta ƙyale shi. Haskenta na cinye man da ke saman katakon, sai launin zuma ya koma toka-toka. Mai karatu ya lura, fatar sama ce kawai ta mutu, cikin na nan lafiya. Aikin mai gyara shi ne ya cire matacciyar fatar, ya sa wa katakon sabuwar riga.

Yadda Na Koyi Aikin

Ba ni da jirgi, amma akwai wani bencin loko a ƙofar gidanmu da kakana ya bari. Ya sha rana da damina har ya yi fari, mahaifina ya ce a faskara shi a hura wuta. Na roƙi a ba ni mako biyu. Da na kai shi shago, dattijon ya kankare gefe da wuƙa, sai ga launi mai kyau ya bayyana. Ya ce, "Ɗana, wannan bai mutu ba, ƙishirwa yake ji." Matakan da ya koya mini kusan su ne masu jiragen ke bi.

Da farko wanki. Ana amfani da ruwa da sabulu da buroshi mai laushi. Katako yana da jijiyoyi, wato layukan da suka bi tsawonsa, wasu masu tauri wasu masu laushi. Idan aka dirje shi da buroshi mai tauri ana bin layukan, sai a ƙwaƙule masu laushin, katakon ya yi kwari-kwari. Saboda haka a wajen wanki ana gitta layukan ne a hankali. Daga nan a bar shi ya bushe sarai.

Na biyu gugar samfefa. A nan dokar ta juya, dole a bi tsawon jijiyoyin, domin duk wanda ya gitta zai bar zane, kuma zanen zai fito ɓaro-ɓaro bayan an shafa banish. Ana farawa da mai kaushi, lamba 80, sai lamba 120, a ƙare da lamba 220. Gwargwadon girman lamba, gwargwadon laushin samfefa.

Na uku share ƙura da maiƙo. Tun da tik mai maiƙo ne, banish ba ya kama shi sosai sai an goge shi da tsumma da tina gab da shafi.

Na huɗu shafi. Shafin farko akan sirka banish da tina domin ya ratsa ciki. Idan ya bushe a ɗan goga samfefa mai laushi, a sake shafawa. Masu jirage sukan yi shafi shida zuwa takwas, wasu ma fiye. Akwai masu shafa mai kawai, ya fi sauƙi amma sai an riƙa maimaitawa bayan 'yan watanni. Akwai kuma masu barin katakon da launin tokarsa, musamman daɓen jirgi inda ake takawa, domin banish na sa santsi idan ya jiƙe.

A wannan mataki na yi ɓarna. Lokacin hunturu ne, na ƙosa in nuna wa mahaifina, sai na fitar da bencin waje da rana na lafta masa banish mai kauri. Kafin la'asar ƙura ta manne, sama ya bushe ciki na danƙo. Na koma da kunya na ce, "Baba, na ɓata." Ya yi dariya ya ce, "Ai sauri kan haifi nawa. Ɗauko samfefa." Kwana uku na yi ina kankare abin da na shafa cikin minti goma. Darasin shi ne, shafi siriri sau da yawa, a inuwa, da sassafe kafin iska ta tashi.

Jiragenmu na Gida

Idan muka dawo gida, a madatsar ruwa ta Dadin Kowa da ke kan kogin Gongola, kimanin kilomita 37 daga Gombe, wadda aka kammala a 1984, masunta ba sa neman ƙyalli. Kwalekwalensu abin neman abinci ne. Suna toshe tsagu da tsumma da kwalta, su shafa fenti. Hanya ta bambanta, amma manufa ɗaya ce, wato a hana ruwa samun ƙofa. Tsaga ƙarama da aka raina a tudu ita ke nutsar da mutum a tsakiyar ruwa.

Bugu da ƙari, wannan sana'a tsohuwa ce a yankinmu. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwalekwale a binne. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus suka tono shi a 1994. Tsawonsa mita 8.4, shekarunsa kimanin 8,000, kuma shi ne kwalekwale mafi tsufa da aka gano a Afirka. Jiƙaƙƙiyar ƙasar da iska ba ta shiga ce ta adana shi. Wato ruwa shi kaɗai ba ya ruɓar da icce, sai ya haɗu da iska, jiƙa yau bushe gobe.

Tsarabar Ɗalibin Harshe

Har ila yau, na samo kalmomi. Masassaƙi daban, kafinta daban: na farko yana fafe gungume da gizago, na biyu yana haɗa katako da ƙusa, kuma sunansa ma aro ne daga Ingilishi, kamar samfefa da banish da benci. Kalmar komi kuwa tana nufin ƙaramin kwalekwale, tana kuma nufin abin da ake zuba wa dabbobi abinci, saboda sassaƙarsu iri ɗaya ce. Ita ma kalmar jirgi ta ruwa ce tun asali. Da dogo ya iso Kano a 1911 aka sami jirgin ƙasa, da na sama ya sauka a 1925 aka sami jirgin sama. Ga misalin faɗaɗa ma'ana wanda ba ya buƙatar dogon bayani.

Kammalawa

A taƙaice, katako mai kyau ba ya isar wa kansa, sai da kulawa a kan kari. Manyan itatuwa irin su maɗaci da loko shekaru masu yawa suke ɗauka kafin su isa sara, don haka duk wanda ya raya tsohon katako ya ceci wani icce a daji. Bencin kakana yana nan a ƙofar gida, mahaifina ke zama a kai da yamma. Duk ƙarshen damina nakan goge shi in ƙara shafi ɗaya. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.