Fuskar Zanen da Manomi Zai Yarda da Ita

Ƙungiyar SAWBO, wadda ta faro a Jami'ar Illinois ta Amurka, tana shirya wa manoma gajerun fina-finan zane mai motsi, har da na Hausa, kamar yadda ake jiƙa 'ya'yan darbejiya a fesa wa wake. Irin wannan ya dace da manomin Funtua da Malumfashi, tunda a waya ake kallo, kuma ba sai an iya karatu ba. Zana jarka ko gona ba wuya. Aikin yana wajen fuska, domin mutumen da ya saba ciniki a kasuwar Dandume ya san yaƙe, ya san murmushi.

Tun a 1862 likitan Faransa Duchenne ya nuna inda bambancin yake: a murmushin gaske naman da ya kewaye ido yana tsukewa, kumatu su ɗaga, a yaƙe kuwa baki kaɗai ke aiki. A 1978 Paul Ekman da Wallace Friesen suka rarraba motsin fuska ɗaya bayan ɗaya, kowanne da lambarsa: ɗaga gira, tattare goshi, taɓe baki. Da wannan tsari masu zanen kwamfuta da dama ke aiki. Sukan ɗaura wa fuskar maɓallai, su yi ta haɗa su hoto bayan hoto, 24 a kowace daƙiƙa. Gwanin cikinsu ba ya barin dama da hagu su zo daidai, kuma yakan sa ido ya riga baki motsawa.

Kusantar kama da mutum ma tana da haɗari. Masahiro Mori na Japan ya lura a 1970 cewa abin da ya kusa zama mutum amma bai kai ba, tsoro yake bayarwa. Haka aka soki fim ɗin The Polar Express na 2004, aka ce idanun mutanensa a mace suke. A fim ɗin Avatar na 2009 kuwa kyamara aka ɗaura wa 'yan wasa a gaban fuska don kwashe motsinsu.

Sai dai duk wannan bai koyar da kunya ba. Yarinyar Bakori ba ta ƙura wa mahaifinta ido in yana magana. Takan sunkuyar da kai, ta ja gyale. Magidancin da ruwa ya cinye masararsa ba kasafai yake kuka a gaban jama'a ba, haɗiyewa yake yi ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Harara, murguɗa baki da tsaki kowanne da wanda ake yi wa. A ganina, zanen da ya sa ɗa ya zare wa dattijo ido da sunan ladabi ya faɗi, komai kyan kalarsa.

Matasanmu masu koyon wannan sana'a, ku ajiye linzamin kwamfuta ku je wurin ɗaurin aure da zaman makoki ku kalli fuskokin mutane tukuna.