Ciwon Hantsa Bayan Haihuwar Saniya

Kumburin hantsa bayan haihuwa iri biyu ne, ran saniya kuwa ya rataya a kan rarrabe su. Na farko na al'ada ne: hantsar duka takan cika ta yi nauyi, amma dakashi lafiya lau, saniya tana cin ciyawarta. Na biyu shi ne ciwon hantsa, watau shigar ƙwayoyin cuta ta bakin nono, daga kashi ko taɓon garke.

Hantsa sashe huɗu ce, ciwon kuwa galibi ɗaya yakan kama. Sai sashen ya yi zafi da tauri, nonon ya tsinke, ko ya fito da gudaji da jini. Zafin jiki yakan kai digiri 40, alhali na lafiyayyar saniya 38 zuwa 39 ne. In ta ƙi abinci, idanu suka faɗa, kunnuwa suka yi sanyi, to, dafi ya shiga jini ke nan, tana iya mutuwa cikin kwana ɗaya ko biyu.

A wannan hali rai ake ceto, ba nono ba. Wajibi ne a nemo likitan dabbobi nan take, domin ya yi mata ƙarin ruwa, da allurar sauke kumburi, da ta kashe ƙwayoyin cuta. Kafin isowarsa sai a riƙa tatse sashen a kai a kai, ana zubarwa nesa da garke, a kuma shayar da maraƙi daga lafiyayyun sassa. Sashen da ya yi baƙi ya yi sanyi ya riga ya mutu, amma saniya takan rayu da sauran ukun. Sa'an nan, ba a shan nononta, ba a sayarwa, sai kwanakin da aka rubuta a jikin maganin sun cika.