Ruwan da ba ya jiƙa: radiyeshon a jikin 'yan sama jannati

Wanda ya taɓa raka mara lafiya ɗakin hoton ƙashi a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko a Babban Asibiti, wataƙila ya lura da wani ɗan bajo da ake maƙalawa a ƙirjin rigar mai ɗaukar hoto. Sunansa dosimita. A cikinsa akwai 'yar ƙwayar sinadari da ke taskace duk radiyeshon da ya ratsa ta. Bayan wani lokaci sai a kai ta ɗakin gwaji a gasa, ta fitar da haske daidai gwargwadon abin da ta sha, a rubuta wa ma'aikacin a littafinsa. Hukumar NNRA, wadda ta fara aiki a 2001, ita ke sa ido kan wannan a Najeriya. To, kowane ɗan sama jannati ma da irin wannan bajo yake kwana yake tashi, sai dai nasa lissafin ya fi tayar da hankali.

Da milisibat ake auna abin. Mutumin da ke zaune a Ƙofar Durbi, kamar sauran mutanen duniya, yakan sha kusan 2.4 a shekara daga ƙasa da duwatsu da abinci da sama, bai sani ba. Hoton ƙirji ɗaya kimanin 0.1 ne. Amma wanda ya yi wata shida a Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, kilomita 400 kacal a samanmu, yakan dawo da tsakanin 80 da 160. Ke nan tamkar an yi masa hoton ƙirji sau dubu.

Me ya raba mu da shi? Allah ya kewaye duniya da kariya biyu: iskar da ta lulluɓe ta, da ƙarfin maganaɗisunta. Bakatsine ba zai sha wahalar gane na biyun ba, don ganuwa ce. Burbushin da rana ke fesowa, da wanda ke tahowa daga taurarin da suka tarwatse can nesa, idan ya iso sai ganuwar ta kautar da shi, ya koma yana kutsawa ta ƙofofinta biyu, ƙuryar arewa da ƙuryar kudu. Mu da ke kusa da tsakiyar duniya muna inda ta fi kauri, shi ya sa alhajin da ya tashi daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa zuwa Jidda ba ya shan abin da mai keta sararin Kanada ke sha a awanni iri ɗaya.

Tashar nan ma tana cikin ganuwa, ta dai haye saman iska ne. Masu zuwa wata su ne ke fita fili. A 1969, Buzz Aldrin na kumbon Apollo 11 ya ba da labarin yana ganin walƙiya alhali yana cikin duhu. Burbushin ne ke ratsa bangon kumbo, ya ratsa ƙwayar ido, ya wuce abinsa. A Agustan 1972 kuma rana ta yi wani mummunan aman wuta, tsakanin dawowar Apollo 16 a Afrilu da tashin Apollo 17 a Disamba. Sa'a ce kawai ta sa babu kowa a kan wata a makon. Da ya riski mutum a waje, da amai da mutuwar jiki ne farkon abin, ɓargo ya biyo baya.

Amma ni a ganina ba wannan ne abin tsoro ba, tunda aman rana ana hango shi, a ruga a ɓuya bayan jakunkunan ruwa da kayan abinci. Abin tsoron shi ne yayyafin da ba ya ɗaukewa, mai tsinka zaren halittar da ke cikin ƙwayoyin jiki kaɗan-kaɗan, sai bayan shekaru ya fito a matsayin sankara ko yanar ido. Ƙara kaurin ƙarfe ba ya magani, don burbushi mai nauyi idan ya daki ƙarfe fashewa yake yi ya haifi wasu. Ruwa da roba sun fi tare shi.

Hukumar NASA ta yanka wa kowane ɗan sama jannati milisibat 600 iyakar rayuwar aikinsa, mace ko namiji. Ga inda gizo ke saƙa: na'urar da ke jikin motar Curiosity, a hanyarta ta zuwa duniyar Mas daga 2011 zuwa 2012, ta auna kusan 1.8 kullum. Zuwa da dawowa kaɗai ya kai 660, ba a ma sauka ba. Shi ya sa a ƙarshen 2022 aka ɗora gumaka biyu masu siffar mata, Helga da Zohar, a kumbon Artemis na farko, cike da dubban dosimita, suka zagayo wata. An sa wa Zohar rigar kariya, aka bar Helga haka nan, don a ga bambancin da rigar za ta yi a huhu da mama da ɓargo kafin a tura mai rai.