Dutsen Washin Aska: Na Daji Ko Na Kamfani?

Aska ita ce jarin wanzami. Da ita yake askin suna, da ita yake gyaran fuska ranar kasuwa, da ita yake tsagar ƙaho. To, amma aska ba ta aiki sai da kaifi, kaifi kuwa ba ya samuwa sai da dutsen washi. Duk wanda ya taɓa zama gaban wanzami mai dakusasshiyar aska ya san dalilin da ya sa aka ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi.

Duwatsun washi iri biyu ne a zabirar wanzamanmu na Jega da Aliero da Maiyama. Akwai na daji, halittar Allah, wanda aka tsinto ko aka gada daga iyaye. Akwai kuma na kamfani, wanda ake saya a kasuwa. Dattawa suna yabon na farko, matasa suna yabon na biyu. Bari mu duba mu ga inda kowanne ya fi amfani.

Yadda dutse yake wasa ƙarfe

A jikin kowane dutsen washi akwai 'yan ƙananan ƙwayoyi waɗanda suka fi ƙarfe tauri. Idan aka goga aska a kansu, sai su riƙa kankare ƙarfen kaɗan-kaɗan har bakin ya yi siriri. Baƙin ruwan nan da ake gani a kan dutse lokacin washi, garin ƙarfen askar ne.

Girman ƙwayoyin shi ne ya bambanta duwatsu, kamar yadda tsaki ya bambanta da garin tuwo. Dutse mai manyan ƙwayoyi yana cin ƙarfe da sauri, amma yana barin bakin da 'yan haƙora kamar na zarto. Irin wannan baki ya dace da lauje ko adda. A fatar kan jariri kuwa, ciwo zai yi. Dutse mai laushi yana aiki a hankali, amma shi ne yake share haƙoran, ya bar baki sumul.

Dutsen kamfani

A shekarar 1891 wani Ba'amurke mai suna Edward Acheson ya gano wani sinadari mai taurin gaske, wanda ake samu idan aka dafa yashi da gawayi da zafin lantarki. Ana kiransa kaborandam. Da irinsa ake yin duwatsun kamfani da yawa. Akan niƙa shi, a tankaɗe, a haɗa da abin da zai riƙe shi, sannan a gasa kamar bulo.

Amfanin wannan dutse shi ne ƙwayoyinsa kusan girmansu ɗaya, kuma akan rubuta lamba a kwalinsa. Ƙaramar lamba tana nufin kaushi, babbar lamba tana nufin laushi. Mai lamba 200 ko 400 na fid da baki ne, ga askar da ta ɓalle ko ta dakushe ƙwarai. Mai lamba 1,000 na daidaita baki ne. Na ƙarasawa, wanda aska ke so, shi ne mai lamba 4,000 zuwa 8,000. Ga amfanin yaƙi da jahilci nan a fili: wanda ya iya karanta lamba ba za a sayar masa da dutsen adda da sunan na aska ba.

A lura, duwatsun nan masu fuska biyu da suka cika kasuwanninmu, yawancinsu na wuƙar mahauta da ta girki ne. Ko fuskar da ta fi laushi ta yi wa aska kaushi. Wanzamin da ke goga askarsa a kansu kullum zai ga ta sirance ta ƙare da wuri.

Dutsen daji

Shi ba shi da lamba, kuma ba a samun guda biyu iri ɗaya. Yawancinsa yashi ne ko laka da suka daskare tun zamanin da. Idan aka dace da mai laushi, yana ba aska baki mai daɗin aski, yana kuma daɗewa har ɗa ya gada. Ba mu kaɗai muka san darajarsa ba. A ƙasar Beljiyam akwai wani dutse mai ruwan ɗorawa da ake haƙowa kusa da garin Vielsalm tun shekaru aru-aru, masu aski na ji da shi. Haka nan akwai na jihar Arkansas a Amurka, da na duwatsun Kyoto a Japan.

Aibinsa shi ne rashin tabbas. Ƙwayar tsakuwa ɗaya da ta ɓuya a cikinsa ta isa ta ɓalle bakin aska. Saboda haka kafin ka amince da sabon dutse, ka zuba masa ruwa ka goga tsohuwar wuƙa. In ya bar zane mai zurfi, ba na aska ba ne. In gefen wuƙar ya yi sheƙi, ka samu abin arziki.

To, wanne ya fi?

Kowanne da aikinsa. A fid da baki da na kamfani, a ƙarasa da mai laushi, ko na daji ko na kamfani mai babbar lamba, sannan a goge a fata. Ga abubuwa uku da za a kiyaye:

1. Dutse ya zama shimfiɗaɗɗe. In tsakiyarsa ta yi rami, a goga shi a kan daɓen siminti mai laushi da ruwa har ya daidaita.
2. Kada a danna aska da ƙarfi, musamman wajen ƙarasawa. A yi wa gefe biyu daidai wa daida.
3. A kan dutse baki ne ke gaba. A kan fata kuwa baya ne ke gaba, don kada a yanke fatar.

Kaifi daban, tsabta daban

Nan ne babbar magana take. Wasu suna zaton in an wasa aska ta tsarkaka. Ba haka ba ne. Jinin da ke bakin aska yana iya maƙalewa a dutse da fatar guga, ya koma kan wata askar. Ƙwayar ciwon hanta da ake kira hefataitis B tana iya rayuwa kwana 7 ko fiye a busasshen jini. Cutar ƙanjamau ma, wadda aka fara ba da labarin ɓullarta a Nijeriya a 1986, tana bin jini.

Don haka washi shi ne na farko, tsabta ta biyo baya. A wasa aska, a goge a fata, a wanke da sabulu, a tafasa a ruwa har minti 20, sannan a shanya ta a wuri mai tsabta don kada ta yi tsatsa. Tafasasshen ruwa ba ya kashe kaifi. Abin da ke lalata ƙarfe shi ne tura shi cikin wuta har ya yi ja. Wanzami mai hankali yakan tanadi asake da yawa, kowane kai da tasa. Aikin da ke fid da jini kuwa, irin su kaciya da ƙaho, sabuwar reza ga kowane mutum ita ce ta fi.

Iyaye su ma da nasu aikin. Tun 2004 aka sa allurar ciwon hanta cikin rigakafin yara a ƙasar nan, kuma an fi so a yi wa jariri ta farko a ranar da aka haife shi. A kai shi asibiti tun kafin ranar askin suna.

Mai karatu, in ka gama, ka karanta wa wanzamin unguwarku. Allah ya sa albarka a sana'a, ya kare mu da iyalanmu, amin.