Waiwaye Adon Tafiya: Abin da Gazali Ya Gani a Bayansa

A watan Rajab na shekarar 488 bayan Hijira, wato tsakiyar 1095, malamin da ya fi kowa suna a Bagadaza ya zauna zai ba da karatu, ya kasa furta ko kalma ɗaya. Abu Hamid al-Gazali ke nan, wanda waziri Nizamul Mulk ya ɗora a kan makarantar Nizamiyya a 1091, yana ɗan shekara 33. Ɗalibai wajen 300 ke ɗaukar karatu a gabansa, fada na neman shawararsa, dukiya da girma kuwa ba a magana. Sai harshe ya ƙi motsi. Daga nan abinci ya daina zama masa a ciki, ruwa ma da ƙyar yake wucewa. Likitoci suka yi iya yinsu, suka ce ciwon daga zuciya ya taso, maganinsa ba ya hannunsu.

Shi da kansa ya ba da wannan labari bayan ya haura shekara 50, a ɗan littafinsa Al-Munƙizu minad Dalal. Ya ce tun kafin ciwon ya binciki niyyarsa a kan karantarwa, ya tarar ba don Allah tsantsa yake yi ba, son girma da yaɗuwar suna ke tura shi. Wata shida yana kai-kawo: da safe ya ƙudura barin garin, kafin yamma son kujera ya warware ƙudurin. Da ya ga ba shi da sauran dabara sai ya koma ga Allah. A watan Zulƙida ya fita, yana nuna Makka ya nufa alhali Sham ce a ransa, don kada halifa da abokai su tare shi. Ya yi kusan shekara biyu a Sham, yakan hau hasumiyar babban masallacin Dimashƙa ya kulle ƙofa ya wuni shi kaɗai. Ya je Ƙudus, ya ziyarci kabarin Annabi Ibrahim a Halil, ya yi aikin Hajji. Sai a 1106 ya koma karantarwa a Naisabur, ya rasu a garinsu Ɗus a 1111.

Lokacin da abin ke faruwa ba wanda ya kira shi rahama. Na nesa suka ce tsoron mahukunta ne ya kore shi, na kusa suka ce kambun baka ne ya sami malamai. Shi ma a tsakiyar ciwon ai wahala kawai yake sha. Sai da shekaru suka ja, ya rubuta Ihya'u Ulumiddin a wannan keɓewar, sannan ya waiwaya ya ce Allah ne ya ɗaure masa harshe, ya fitar da shi daga inda ba zai taɓa fita da ƙafarsa ba. Mai huɗa ba ya sanin kunyarsa ta miƙe ko ta karkace sai ya kai bakin gona ya juyo.

Wannan waiwaye yana da asali a addini. A Suratud Duha, da wahayi ya ɗan yanke aka soma yi wa Annabi (SAW) gori, Allah ya lallashe shi da tarihinsa ne: maraicin da aka ba shi mafaka a cikinsa, shiriyar da aka yi masa, rashin da aka maye masa da wadata. Sannan aka umarce shi da ya riƙa ba da labarin ni'imar Ubangijinsa. Daga wannan umarni Imam Suyuɗi na Masar, wanda ya taɓa aiko wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, ya ɗauko sunan littafin tarihin rayuwarsa.

Mu ma muna da namu. Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu, ya bar rundunar jihadi wajen 1807, ransa a ɓace da yadda ya ga son mulki da tara dukiya sun fara shiga jama'a. Gabas ya nufa, da niyyar ya kai Madina. Da ya iso Kano mutanen garin suka roƙe shi ya tsaya ya koya musu yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a. Ya tsaya, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam, ya yi musu tafsiri, daga baya ya juya gida. Tafiyar da ya shirya ba ta yiwu ba, littafin da bai fito don rubutawa ba kuwa har yau ana karanta shi. A Tazyinul Waraƙat, wanda ya haɗa a 1813, bai ɓoye wannan fushi da wannan fita ba, kuma wannan ne ya sa nake ganin girman littafin.

Domin nan ne yawancinmu muke tuntuɓe. Saurari mutum yana ba da labarin kansa a majalisa bayan sallar isha'i. Ko dai shi ne gwarzon da ya taso ba uwa ba uba ya yi arziki da guminsa, ko kuma shi ne wanda dangi da abokai suka taru suka cuta. A duka biyun ba a bar wa Allah wuri ba, ba a kuma bar wa laifin kai wuri ba. An manta gwaggon da ta sayar da akuyarta ta biya kuɗin jarrabawa, an manta direban da ya ƙi ɗaukarsa ranar da motar ta kife. Ko Gazali bai tsira daga masu tuhuma ba: wasu masana tarihi na ganin tsoron 'yan Baɗiniyya, waɗanda ake dangana musu kisan Nizamul Mulk a 1092, yana cikin abin da ya fitar da shi. Mai yiwuwa ne. Amma mutumin da ya rubuta da hannunsa cewa shekarun ɗaukakarsa neman suna ne, ya riga ya faɗi abin da ya fi wannan nauyi.

Akwai kuma iyaka. Ba kowane rauni ne ake gane hikimarsa a duniya ba. Annabi Musa ya samu wanda ya fassara masa huda jirgi da kisan yaro da gyaran katanga. Uwar da ta binne 'ya'ya uku ba lalle ta samu ba, kuma rashin tausayi ne a matsa mata sai ta faɗi darasin da ta koya. Ya ishe ta ta tuna wanda ya riƙe ta har ta kai yau. Haka nan waiwaye ba zaman "da na sani" ba ne, wanda hadisin Muslim ya yi gargaɗin yana buɗe wa Shaiɗan ƙofa.

Wanda zai gwada, ya sami lokacin da gida ya yi shiru, ya bi rayuwarsa zango-zango, da takarda ko da baki ga wani amintacce. A kowane zango ya tambayi kansa me ya roƙa, me aka ba shi, ta hannun wa abin ya zo. Sunaye za su fito waɗanda ya shekara ashirin bai ambata ba. Wasu godiya suke binsa, idan sun rasu addu'a. Wasu kuwa haƙƙinsu ne a wuyansa, gonar gado ko bashin da aka yi shiru a kai, kuma wannan ba a rufe shi da cewa ƙaddara ce, sai an tashi an je an biya.