"Ai za mu daidaita": Me ya sa muke jin kunyar rubuta yarjejeniyar aiki?

Duk matashin da ke cin abinci da waya ko kwamfuta ya san wannan magana. Mai shagon atamfa ta tura maka saƙo a Instagram tana son ka zana mata tambari, ko mai gidan abinci ya ce ka riƙe masa shafinsa na Facebook, ko a kira ki ɗaukar hoton biki. Da an zo batun kuɗi sai ka ji an ce, "Haba, ai mu 'yan gida ne, fara kawai, za mu daidaita." Bayan sati uku aiki ya ƙare, an sa ka gyara sau tara, alat bai shigo ba, mai aikin kuma yana cewa ba haka ya ce a yi ba.

Laifin ba kullum na mai ba da aiki ba ne. Akwai 'yan kasuwa da suka ba da rabin kuɗi, mai zanen ya kashe waya. Akwai waɗanda suka rabu da mai kula da shafinsu, ya tafi da lambar sirrin shiga, shafi mai dubban mabiya ya salwanta. Kowane ɓangare yana da nasa kukan, tushen kuma ɗaya ne: ba a rubuta komai ba.

Abin mamaki, rubuta sharuɗɗa ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Amma yau idan ka ce wa mutum ku rubuta, sai ya ce ba ka yarda da shi ba ne.

Ma'aikaci daban, ɗan kwangila daban

Abu na farko da mai kasuwanci ya kamata ya gane shi ne wa yake ɗauka. Ma'aikaci yana ƙarƙashinka: kai ke sa masa lokacin zuwa da tashi, kai ke ba shi kayan aiki, ƙarshen wata ka biya albashi. Ɗan kwangila mai zaman kansa kuwa sakamako ya sayar maka. Da kayansa yake aiki, a lokacin da ya ga dama, kuma yana iya yi wa wasu aiki a rana guda.

Doka ta damu da wannan bambanci. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta wajabta ba ma'aikacin da take karewa takardar sharuɗɗan aikinsa cikin wata 3 da farawa. A wuraren da dokar fansho ta 2014 ta shafa, mai aiki na zuba kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kashi 8. Ɗan kwangila ba ya cikin wannan tsari. Shi ya sa wasu ke laƙaba wa kowa sunan ɗan kwangila don su tsere wa nauyi. Sai dai kotu ba sunan da ke saman takarda kaɗai take dubawa ba. A shari'ar Shena Security da Afropak ta 2008, Kotun Ƙoli ta lissafa abubuwan da ake aunawa, ciki har da yadda ake biyan kuɗi, wanda ya kawo kayan aiki, da ko an ƙayyade lokutan aiki. Idan kin sa yarinya zaman shago daga safe zuwa magariba tana amsa saƙonnin kwastomomi da wayarki, kina biyanta duk wata, da wuya kotu ta yarda 'yar kwangila ce.

Me za a rubuta?

Don ƙaramin aiki, shafi ɗaya ya isa, kuma da Hausa ma ya yi, muddin kowa ya fahimta. A fara da cikakken suna da adireshin kowa. Idan kasuwancin yana da rajista da hukumar CAC, a sa sunan da ke jikin takardar rajistar, ba sunan shafin TikTok ba.

Sai aikin kansa, dalla-dalla. "Ka kula min da shafi" ba bayani ba ne. A rubuta: bidiyo 8 da hoto 12 a wata, misali, da ranar miƙa kowanne. A faɗi sau nawa za a yi gyara kyauta, da kuɗin wanda ya haura haka. Wannan layi ɗaya yana kashe rabin rigima.

Sai kuɗi: nawa ne, nawa za a fara bayarwa, yaushe za a cika, kuma wa zai sayi data, ya biya kuɗin mota ko na tallar da aka saka a Facebook. Idan aikin dogo ne, a raba biyan zuwa matakai, yadda ba wanda zai yi babbar asara in an watse a tsakiya.

Daga nan sai tambayar da aka fi mantawa: aikin na waye bayan an biya? Da yawa suna zaton da zarar sun tura kuɗi, komai ya zama nasu. A dokar haƙƙin mallaka ta 2022, asali haƙƙin yana hannun wanda ya ƙirƙiri abin, sai in an yi yarjejeniya a kan akasin haka, kuma miƙa shi ga wani sai a rubuce. Don haka mai shagon da ke son tambarinta ya zama nata har abada, ta tabbatar takarda ta faɗa. Kai kuma mai zane, ka nemi a rubuta cewa haƙƙin zai koma hannunta ne bayan ta cika kuɗi, kuma kana da izinin nuna aikin ga masu neman ka.

A ƙara da batun amana. Wanda ke riƙe shafi yana ganin lambobin waya da adireshin kwastomomi, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ba ta yarda a yi wasa da su ba. A rubuta cewa ba zai fitar da su ba, kuma ranar da aiki ya ƙare zai mayar da lambobin sirri. A ƙarshe a faɗi yadda za a rabu: sanarwar kwana nawa, me za a biya na aikin da aka riga aka yi, da wanda zai shiga tsakani in an samu saɓani.

To hirar WhatsApp fa?

Tana da amfani. Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya ba da damar gabatar da bayanan na'ura a kotu idan an cika sharuɗɗa, dokar kuma ta amince da sa hannu ta na'ura. Matsalar ita ce ana goge saƙo, waya tana ɓata, kuma saƙon murya arba'in da ba su da kan gado ba sa nuna abin da aka tsayar. Ko da a waya kuka gama magana, ka tattara sharuɗɗan a saƙo ɗaya, ka tura, ka jira ya rubuto cewa ya amince, sannan ka adana hoton hirar a wani wuri.

Idan abu ya ci tura, akwai kotunan ƙananan ƙararrakin bashi, waɗanda Legas ta fara a 2018, Kano da wasu jihohi suka biyo baya. An tsara su yadda mutum zai iya shigar da ƙara da kansa ba tare da lauya ba. Amma ko a can, abin da alƙali zai fara tambaya shi ne shaidarka.

Idan kuɗin ya yi kauri, ko aikin zai ɗauki watanni, a nemi lauya ya duba. Kwafo yarjejeniyar Amurka daga intanet, mai ambaton kotun wata jiha da ba ka taɓa zuwa ba, ba zai cece ka a Kano ko Kaduna ba.

Mai niyyar biya ba ya gudun takarda, mai niyyar yin aiki ma haka. Wanda ya ɓata rai don ka ce a rubuta, ya riga ya nuna maka yadda ƙarshen watan zai kasance, gara ka sani tun kafin ka ƙona datarka da daren barcinka.